Allo na Huɗu

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

An watse. Na share zauren gidan karatu, na jera kujeru, na wanke kofuna. Banitsa, burodinmu mai cuku, tire biyu na gasa, ko rabin ɗaya ba a ci ba. Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin gidan nan, ban taɓa ganin mutanen ƙauyenmu sun bar abincin kyauta a kan tebur ba sai yau.

Shekara biyu ke nan mutanen jami'a suna zuwa mana, kuma ni na kawo su, kowa ya sani. Gida goma sha tara ne a ƙauyen nan ake jinyar tsohon da ciwon mantuwa ya kama, masu jinyar su ma tsofaffi, 'ya'ya duk suna Sifen da Jamus. Dakta Ralitsa da ɗalibanta suna zuwa Asabar bayan Asabar, su auna jini, su koya mana yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da ƙugu ya riƙe ba, su ɗauki maganar masu jinya a rakoda. Yau ce ranar da suke kira mayar wa jama'a da maganarsu. Allo goma sha biyu a jikin bango, kowanne da maganar mutum ɗaya, an canza suna. Kansiloli uku sun zo daga ƙaramar hukuma, da Madam Doicheva ta ofishin jin daɗin jama'a. Ni na rubuta musu gayyata da hannuna. Shekara uku ina roƙon su ba mu aji ɗaya a tsohuwar makaranta, inda za a riƙa kawo tsofaffin nan da rana, masu jinya su samu su yi numfashi.

A allo na huɗu an rubuta "Mariya, shekara saba'in da ɗoriya". Mariya muna da su bakwai. Amma allon ya ambaci koriyar ƙofa, ita kuwa guda ɗaya ce a ƙauyen nan, kuma ita ce ke kallon hanyar kogi.

Ba zan kwafi abin da ke allon ba. Layi uku ne. Mutane suka taru a gabansa, sannan kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Gergina, maƙwabciyata, tana can baya kusa da murhu da ɗankwalinta na zuwa coci. Ba ta zo da tabarau ba, ba ta san me ake kallo ba, har murmushi ta yi wa Dafinka mai kanti. Dafinka ce ta karanta mata, da ƙarfi, kalma kalma.

Gergina ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Iyakarsa ke nan?"

Dafinka ta ce iyakarsa ke nan. Gergina ta ɗauki sandarta, ta ce ta bar mijinta Stoil shi kaɗai, ta fita.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, tsakar rana

Ba ta zo coci ba. Na bi ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu na kai mata ragowar banitsa. Shekara talatin ta nan muke shiga wa juna, ba sallama, wani lokacin da kayan barci ma.

Mijinta, Bai Stoil (Bai muke ce wa dattijo), yana zaune a madafin tsakar gida yana naɗe tawul yana warwarewa. Ya kira ni Todorka, sunan mahaifiyata, ya tambaye ni ko an fara girbin alkama. Na ce saura kaɗan.

Gergina ta karɓi tiren ta ajiye. Ta ce ranar da aka ɗauki maganarta ta daɗe tana magana, har Ralitsa ta yi kuka ta kashe rakodar ta sake kunnawa, to ina sauran ya tafi? Na ce mata masu ilimi haka suke, su gutsuri abin da suke so su watsar da saura. Haka na ce mata. Ta gyaɗa kai ta ce in gaida gida, ni da gidana ba kowa sai kyanwa.

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je sayen gishiri na tarar da majalisa a kanti. Ina shiga aka canza zance zuwa tsadar itacen wuta, amma Dafinka ba ta iya riƙe magana, bakinta ya fi ƙofar kantinta buɗewa. Wai mace ta bar wa mijinta ƙofa a buɗe da gangan, kogi a cike, ta yi tafiyarta wurin awaki ko waiwaye babu, kuma ta zauna ta faɗa wa baƙi da bakinta.

Na ce, "Dafinka, shekara bakwai tana wanke shi tana ba shi abinci a baki. Sau nawa kika leƙa?"

Ta ce, "Ni dai ban buɗe wa kowa ƙofa ba."

Sannan ta ce ta ɗauki hoton allon ta tura wa Plamen, ɗan Gergina, can Sifen, wai haƙƙinsa ne ya sani. Na fito na bar gishirin a kan kanta.

Talata, 11 ga Fabrairu, da safe

Ambulan ɗin da Ralitsa ta aiko mini yana cikin durowar ƙasa, ƙarƙashin katunan aron littafi. Ban taɓa shi ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Ralitsa ta zo a motar haya ta ƙarfe goma, ita kaɗai, ba ɗalibai. Ta sauke allo na huɗu da hannunta ta juya fuskarsa bango. Yarinyar ta rame a kwana huɗu. Ta ce in raka ta wurin Gergina ta ba da haƙuri, na ce murhun zauren yana hayaƙi ba zan iya barinsa ba. Murhun lafiyarsa ƙalau.

Ta yi kusan awa ɗaya, ta dawo ido jawur. Ta ce ta ce wa Gergina in ta sa hannu a takarda, za su iya kunna wa hukuma maganar gaba ɗayanta, don dokarsu ba ta yarda a fitar da murya ba sai da izinin mai ita. Gergina ta ce sun ci muryarta sun ƙoshi, ba ta da sauran da za ta ba su.

Farfesansu ya kira tana zaune, ina jin muryarsa ta waya. Wai sun bi duk ƙa'ida: an canza suna, an ɓoye shekaru, mai maganar ta sa hannu, kuma ɗan gari ya duba kafin a buga. Ƙa'idarsu ta birni ce, inda mutum ba ya sanin launin ƙofar maƙwabcinsa. Ralitsa ta kashe wayar ta riƙe hannuna. Ta ce, "Gwaggo Nevena, laifinmu ne. Bai kamata mu ɗora miki nauyin nan ke kaɗai ba."

Na ce ta sha shayinta kafin ya huce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

An ɗaure ƙaramar ƙofar da wayar ƙarfe daga ɓangaren Gergina. Zagaye uku.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe uku na yamma

Ranar yankan rassan inabi. Maza sun haura gonaki da almakashi da kwalaben giya, su tara ne kacal bana, har da mai tuƙa keken guragu. A da sau uku ana ɗora wa Bai Stoil rawanin reshe a matsayin sarkin inabi. Na leƙa ta tsagar katako na gan shi a ƙarƙashin kurangar inabin tsakar gidansu. Mutumin da bai san sunan ɗansa ba, amma ya kama reshe, ya ƙirga idon toho biyu da babban yatsa, ya yanke daidai. Gergina tana riƙe da bayan rigarsa.

Madam Doicheva ta zo da motar ofis. Ta biyo ta gidan karatu tukuna, ta ce ba don son ranta ba ne, amma abin da ta karanta da idonta a gaban kansiloli uku ba za ta iya cewa ba ta gani ba. Zuwa ashirin da takwas ga wata za ta rubuta rahoto. Ko dai a kawo mata takarda da sunayen mutanen da za su riƙa zama da Bai Stoil kowace rana ta mako in matarsa za ta fita, sunaye na gaskiya da sa hannu, ko kuma ta rubuta cewa zamansa a gida akwai haɗari, a nema masa gado a gidan tsofaffi na birni.

Stoil a gidan nan aka haife shi. In aka kai shi coci ma sai ya yi ta kuka yana neman hanyar gida.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na ja layi bakwai a takarda, na sa sunana a Litinin da Alhamis, na shiga gari.

Ashe ƙauyenmu kowa mara lafiya ne ban sani ba. Wannan gwiwa, wancan hawan jini, waccan surukarta za ta zo daga Jamus wata rana cikin bazara. Tsohon direban tarakta ya ce shi da Stoil tare suka yi soja, ba zai iya ganinsa haka ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce masa zuciyar Gergina ai da ƙarfe aka ƙera ta. Matar limamin coci ta ɗauki Juma'a ba tare da ta bari na gama magana ba, Allah ya saka mata. Wata kuma, ba zan rubuta sunanta ba, ta ce in wani abu ya same shi a ranarta fa, wa za a kama? Ta san gidan da za ta shiga?

Uku cikin bakwai. Ƙafata ta kumbura.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Ralitsa ta aiko saƙo, wai a sa ta ranar Asabar, za ta riƙa zuwa ko aikin jami'a ya ƙare. Huɗu.

Awakin Gergina kwana goma sha ɗaya ba su fita ba. Busasshiyar ciyawa take watsa musu a garke. A da ta saba kulle Bai Stoil a madafi da kwaɗo na awa ɗaya ta kai su gangare, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Yanzu ko kanti ba ta zuwa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Na tura takardar ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofa don ta ga ana ƙoƙari. Bayan awa ɗaya na same ta a ɓangarena, an ɗora mata dutse kada iska ta ɗauka. Ba a rubuta komai ba.

Na buɗe durowar ƙasa zan ɗauki katin wani, na rufe.

Asabar, 22 ga Fabrairu, bayan an dawo daga maƙabarta

Ranar tuna matattu. Na dafa alkama da sukari, na wanke dutsen kabarin Mama, na zuba mata giya, na kunna kyandir iska ta kashe sau uku. Kabarin iyayen Gergina ba wanda ya zo, sai na wanke shi ma.

Shekara shida na yi jinyar Mama da irin ciwon nan. Ba na son tuna shekarar ƙarshe. Akwai safiyar da na tsaya a ƙofar ɗakinta ina sauraron numfashinta, kuma ba don ina so in ji shi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko limami. A lokacin Gergina ce take shigowa ta ƙaramar ƙofa, ta karɓi cokali daga hannuna ta ce, "Je ki kwanta, fuskarki ta fi tata kama da gawa." Ba ta taɓa tambayata komai ba.

Ana rabon alkama Dafinka ta matso kusa da ni, ta miƙo mini ƙoƙonta ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Sa ni Laraba." Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Kar ki zuba mini ido. Surukina shekara huɗu ya yi a kwance, kin manta? Rubuta Laraba kawai."

Biyar. Ban san inda zan ajiye Dafinka a raina ba yanzu, da ta tsaya a muguwarta da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Jan fensirin da nake gyara sanarwa da shi, na jefa shi a murhu. Kamar shi ya yi.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Plamen ya iso da rana, kwana uku yana tuƙi. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa. Uban ya miƙe ya ba shi kujera ya tambaye shi daga wane ofishi yake.

Ba laɓe na yi ba, katangarmu ce ba ta da kauri. Ya tambayi uwarsa sau ɗaya, gaskiya ne ko ƙarya. Ta ce gaskiya ne. Sai muryarsa ta tashi, ya ce a ce uwarsa ce, a ce a waya zai gani, abokan aikinsa suna tambayarsa me ya same shi. Ta bar shi ya gama. Ta ce, "Ka ci abinci, ka sha hanya."

Daga baya na tare shi a bakin koriyar ƙofa na nuna masa takardar. Ya karanta sunayen ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

Ya ce, "Gwaggo, shekara bakwai kuna taku hamsin da shi ba ku ga komai ba. Yanzu in bar muku shi in koma?"

Na ce shi da ke nisan ƙasa huɗu me ya gani? Bai kamata in faɗa ba. Ya ce shi ya sa zai kai shi inda ake biyan mutane su gani. Akwai abin da ya kamata in ce masa a wurin, yana kan harshena, na haɗiye na ce ya gaida matarsa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da safe

Direban tarakta ya zo da kansa ya sa hannu a Talata, yana share hanci. Shida. Lahadi na ƙara sunana. Bakwai.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Abu biyu yau.

Na kai wa Madam Doicheva takardar. Ta duba ta ce ta cika, amma ta makara da kwana ɗaya. Jiya Plamen ya je birni ya samo gado, ya sa hannu, uwarsa ma ta sa. Iyali sun yanke, ita ba ta da ta cewa. Litinin hutun ƙasa ne, sai Talata za a kai shi.

Na dawo na tarar da wasiƙa daga ƙaramar hukuma. Sun ba mu ajin. Da murhu, da ma'aikaciyar jinya kwana uku a mako, za a buɗe a watan Mayu. A sakin layi na biyu sun rubuta cewa abin da ya fi taɓa kansiloli shi ne maganar Mariya. Shekara uku ina jiran wasiƙar nan. Na karanta ta a tsaye, na zauna, ban ji komai ba sai ɗaci a bakina.

To bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da ido.

A watan Janairu Ralitsa ta aiko mini da ambulan, maganganu goma sha biyu, in duba a matsayina na 'yar gari. A kan ta huɗu ta liƙa 'yar takarda: wannan ta yi tsawo, allo ba zai ɗauka ba, in nuna musu inda za a tsaya, in kuma duba ko wani zai gane mai maganar. Na gane ta tun daga layin farko. Na ga koriyar ƙofar, ban soke ta ba. Na karanta har ƙasa, na ga in aka bar ƙarshen kansiloli za su yi ajiyar zuciya su ce ai komai ya wuce lafiya, su ci banitsa su tafi. In aka tsaya a layi na uku kuwa ba za su iya barci ba. Na ɗauki jan fensir na ja layi. Na ce wa kaina an canza suna. Na ce wa kaina don ita nake yi. Har daɗi na ji, in faɗi gaskiya, don abin da na kasa faɗa a kan Mama wani ya faɗa mini shi, kuma ba da bakina ba.

Takardar da zan iya nuna wa Madam Doicheva ranar sha huɗu, in nuna wa Plamen ranar Talata, tana nan cikin durowa da jan layina a kanta. Shi ya sa ban nuna ba.

Asabar, 1 ga Maris, tsakar rana

Na murɗa zaren ja da fari guda uku na murnar ƙarewar sanyi kamar kowace shekara, na rataye su a wayar ƙaramar ƙofa. Da na dawo daga gidan karatu biyu sun tafi. Na hango ɗaya a wuyan hannun Bai Stoil, ɗaya a rigar Plamen. Na ukun yana nan yana lilo.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Ranar neman yafiya. Gobe azumi, yau ƙarami yake zuwa wurin babba ya sumbaci hannu. Na sayi lemun tsami na Bai Stoil da lemun zaƙi na Gergina, kamar yadda Mama ta koya mini. Na zagaya ta titi na ƙwanƙwasa koriyar ƙofa. Rabona da shiga gidan nan ta gaba tun bikin Plamen.

Plamen ya tafi dandali wurin hura wuta. Su biyu ne a tebur, ga dafaffen ƙwai, ga banitsa, ga farar alewa. An yi wa Bai Stoil aski. Akwatinsa yana bayan ƙofa an rufe shi da bargo kada ya gani.

Na durƙusa na sumbaci hannunsa na ce, "Bai Stoil, ka yafe mini."

Ya miƙe zaune sosai, ya ɗora mini hannu a ka. Ya ce, "An yafe, Allah ne mai yafewa. Ke ma ki yafe mini, Todorka." Ko harafi bai ɓace masa ba.

Na juya wurin Gergina. Ta bar mini hannunta, sanyi ƙalau. Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Me zan yafe?"

Ba a tambayar haka. Tun ina yarinya ban taɓa jin an tambaya ba, ana faɗa ne a amsa a ci ƙwai. Na ɗago, tana kallona, ba fushi a fuskarta.

Na ce, "Ni na yanke maganarki. Ni na ja layin."

Ta ce, "Na sani. Tun Larabar da yarinyar nan ta zo. Ita a zatonta wanke ki take yi, wai sun ɗora miki aikin da ya fi ƙarfinki. Kwana goma sha takwas ina jira ki zo da takardar."

Na ce me ya sa ba ta faɗa wa Plamen sauran da bakinta ba.

Ta ce, "Ya tambaye ni ko na buɗe, na ce na buɗe. Wa zai saurari sauran daga bakin wadda ta buɗe? Ke ce mai takarda, Nevena. Ke ake yarda da ke."

Bai Stoil yana ta shinshinar lemun tsaminsa. Ina nan a durƙushe gwiwata tana zafi, ina jiran kalmomin nan guda shida da kowa yake faɗa wa kowa yau, har maƙiya. Ta zare hannunta ta ɓare masa ƙwai.

Ta ce, "Ga shi nan ya yafe miki. Shi kowa yafe masa yake yi, ɗazu har akuya ya yafe wa. Ni da hankalina nake. Bana ba zan faɗa ba. Ki dawo baɗi, in muna raye."

Ta raka ni har ƙofa ta sa sakata.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na kai wa Plamen takardar yana duba man mota. Na nuna masa jan layin na ce nawa ne, na ce ya karanta abin da ke ƙasa. Ya karanta sau biyu. Ya juya mini baya ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

Ya ce, "Da ranar da na iso kika kawo mini wannan, Gwaggo..." Bai ƙarasa ba. Ya ce an riga an ba da gadon, in ya saki sai bayan shekara biyu, kuma shi jibi zai kama hanya. Ya miƙo mini takardar, ya shiga gida. Na ji ya kira ta Mama da wata irin murya, daga nan na bar jikin katangar.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Sun tafi ƙarfe takwas. An ce wa Bai Stoil za a je duba gonar inabi, ya shiga mota da fara'arsa, almakashinsa a aljihu, Plamen ya zare shi a hankali ya miƙa wa uwar ta taga. Ta ce wa Plamen ya gaya wa mutanen can kada su yanke zaren hannunsa sai ya ga shamuwar farko kamar yadda al'ada take, a zaunar da shi kusa da taga.

Da motar ta sha kwana ta ja ƙofar za ta sa sakata kamar kullum. Ta tsaya da hannu a kai. Sannan ta tura ta ta buɗe, ta tokare da dutse, ta shiga ta saki awaki.

Na fito da takardar daga ambulan. Ba Mariya ba ce. Gergina ce, matar Stoil, shekararta saba'in da ɗaya, kuma ga abin da ta faɗa gaba ɗayansa.

"Wata rana na gaji. Na bar koriyar ƙofar a buɗe na tafi wurin awaki, ban waiwaya ba. Na san kogi ya cika."

Nan na ja layi. Ga abin da ke ƙasa.

"Ban kai itacen tuffa ba ƙafata ta ƙi tafiya. Na juyo da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ba. Na same shi a bakin ƙofar, ya rufe ta da kansa, ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, Gina, wani ya bar ƙofa a buɗe, awaki za su fita. Na ce ni ce. Ya ce, to kar ki ƙara. Ban ƙara ba. Shekara huɗu ke nan."